Idanun Sarkin da Inna Ta Tsokale

Mu biyar ne ranar a tsakar gidanmu na Kawo, bayan la'asar: ni, da babban ɗana mai aikin gwamnati, da matarsa, da jikata 'yar jami'a, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya, wanda ɗana ya ɗauko takanas daga Doka saboda an ce tara kan sarki yake yi. Wasiƙar mahaifina tana kan faifai a tsakiyarmu.

Jikata ce ta jawo maganar. Kwana uku kafin nan ina shanya kayan adakata, ta hango ambulan ɗin, ta ƙwalla ƙara kamar kunama ta harbe ta.

"Tsohuwa, ashe kina kwance a kan arziki! Turawa rububin irin wannan kan sarkin suke yi!"

"Ajiye mini, ja'ira, hannunki duk man ƙuli."

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma Allah Ya ba ni ido, kuma na san ba abin da ke motsi a gidan nan ban gani ba. Na ga yadda fuskar ɗana ta canza da jikata ta nuna masa hotunan irinsa da farashinsu a waya. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, a bari masani ya duba mana." Na ce, "A duba. In dukiya ce ta gaske, ba zan tare muku hanyar arziki ba." Magana kuwa zarar bunu. Wannan takarda ita kaɗai gare ni da hannun Baba ya taɓa. Daga wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ya aiko wa Inna ita shekarar da aka haife ni, ya rasu ban fara tafiya ba.

Dattijon bai sa hannu ba. Wani ɗan hantsaki ya fitar, da gilashi mai ƙara girman abu. Nan ya burge ni, na ce wannan ya san aikinsa.

"Masha Allah! Hajiya, wannan sarkin Ingila ne, uban Sarauniya. An buga irinsa da yawa, shi kaɗai ba wani abu ba ne. Amma kin ga ba a ɓanɓare shi daga ambulan ba, ga haƙoran gefensa cif, ko ɗaya bai karye ba."

"Haƙora kuma? Ashe ya fi tsohuwa," in ji jikata.

Na harare ta.

"Tsaya, tsaya!" in ji dattijon. "Ku dubi hatimin nan! Sunan tashar ya fito raɗau. Tashar nan an daɗe da rufe ta. Shekara nawa ina neman hatiminta! Akwai masu tarawa da za su yi tsalle a kan wannan."

Surukata ta rangaɗa guɗa. Ɗana ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa. Ni kaina sai da na ji wani alfahari ya cika ni, wai takardar Baba ce ake wa wannan kirari. Can kuma na tuna alkawarina, cewa in dukiya ce zan bari a sayar da ita.

Dattijo ya matsa da gilashin kan fuskar sarkin. Ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa.

"Hajiya, wa ya tsokale masa idanu?"

"Idanun wa?"

"Na sarkin. Duka biyun. Da allura."

Ya miƙo mini gilashin. Ga su nan, huda biyu ƙanana, daidai wa daida, irin na hannun da ya saba da ɗinkin hula. Ni mai taƙama da ido, tun ƙuruciya nake kallon fuskar nan, na ɗauka haka idanun Bature suke.

Sai Inna ta faɗo mini a rai. Ba hoton da ke kwana a ɗakinta da idanunsa. Na jikin gwangwani, na takardar atamfa, duk sai ta bi su da allura, tana cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Wasiƙar mijinta ba ta yarduwa, sarki kuma ba ya zama mata a adaka yana kallon mutane. Sai ta raba gardama.

Dariya ta ƙwace mini har da hawaye.

"Baba, ba a gyarawa?" ɗana ya tambayi dattijon.

"Ina! Masu tarawa ko tabon yatsa ba sa yafewa, balle makahon sarki. Abin da za su bayar bai kai a raba Hajiya da shi ba."

"Kakarmu ta cuce mu," in ji jikata.

"Kul! Allah Ya ji ƙanta, ta fi ku hangen nesa."

Dattijo ya roƙi a bar shi ya ɗauki hoton hatimin. Na yarda, amma ina riƙe da gefen faifan har ya gama.

Washegari da hantsi na yafa mayafina, na tafi wurin wani baduku a kasuwar Kawo. Na ce ya ɗinka mini jakar fata daidai ambulan ɗin, mai maɗauri. Ya ce in dawo da yamma. Na jawo benci na zauna a gabansa, takardar tana hannuna, har ya ja zaren ƙarshe.