Sau Uku Na Buɗe Wa Asabe Rigarta

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar ƙanwata Asabe, Allah Ya jiƙanta. Ta rasu da ɗanyen jego, kwana talatin da biyar da haihuwarta ta fari, lokacin tana wankan gida a wurinmu a unguwar Dilimi ta Jos. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ni tela ce, almakashi na iya riƙewa, ba alƙalami ba. Bana ne wata tambaya ta hana ni ci gaba da shiru.

'Yar da ta bari, Nafisa, ni na raine ta, yanzu kuma cikinta wata bakwai. Kwanan baya ta biyo shagona daga asibiti, ta ce malamar awo ta tambaye ta ciwon da ya yi ajalin mahaifiyarta, ta rasa abin cewa. "Umma, me zan gaya musu?" Tun tana ƙarama amsa ɗaya nake ba ta: kwana ne ya ƙare. Gaskiya ce, amma ba ita za ta taimaki likitan da ke son kare lafiyarta ba. Na ce ta dawo gobe.

Asabe siririya ce, sillen kara muke kiranta. Kabeji da karas take sarowa daga gonakin Naraguta, kuma duk wanda ya taya mata da wulaƙanci sai ya gwammace bai tsaya ba. Baki gare ta, ba ta ɓoye magana ko ga surukarta. Ni ce mai kawaici a gidanmu, har ana yabona da shi.

Ni na ɗinka mata atamfar fitar suna. Ranar suna da safe riga ta ƙi shiga. Na farke gefe na buɗe, muna dariya. Matan da suka zo kowacce sai ta ce, "Kai, jego ya karɓi Asabe!" Iya, mahaifiyarmu, har wani daɗi take ji, don ita ke tsaye a kan komai: tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kofi bayan kofi, ga garwashi a ɗaki saboda sanyin Jos. Haka aka yi wa Iya, haka aka yi mini, ba abin da ya same mu.

Bayan mako biyu na sake buɗe rigar, wannan karon har da hannu. Na uku sai da na ƙara ƙyalle. Yau in na tuna sai in ce ba wanda ya kai ni sanin halin da jikinta ke ciki, don ni ce mai zagaya shi da tef. Na ga ƙafarta ta daina shiga silifa. Na ji ta tana haki daga bakin rijiya zuwa ɗaki. Ta ce mini, "Yaya, in na kwanta kamar an ɗora mini turmi a ƙirji." Na ce sanyi ne, na ƙara mata bargo da shayin citta. Ta koma barci a zaune, jingine da filo uku.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kaneng, da ke zuwa daga Kabong ina mata ɗinki. Ta zo karɓar kayanta, ta shiga yi wa maijego barka. Sai na ga ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙaurin Asabe. Ta ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ja ni soro ta ce, "Madam tela, wannan ba ƙiba ba ne fa, ruwa ne. Abeg ku kai ta asibiti yau, kar ku jira gobe."

A nan ne laifina yake, kuma ba zan raba shi da kowa ba. Iya ta tsorata, har ta ɗauko mayafi. Ni na hana ta. Na ce maijego ba ta fita kafin arba'in, saura kwana goma sha biyu, me dangin miji za su ce, mun kasa kula da ita? Asabe kanta ta ce, "Ku kai ni mana, dangin miji ne ke numfashin?" Na ce ta cika raki. Bayan kwana biyar muka ɗauke ta a tasin maƙwabci, ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta huta ba. Likita ya ce zuciyarta ce ta kumbura ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Ya ce ciwo ne da kan kama mace a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, har wadda ba ta yi wankan jego ba, amma kanwa da zafin nan sun ƙara wa zuciyar nauyi. Kwana biyu ta yi a can. Da na sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina me Asabe za ta ce da ta ga Jos ta yau. Za ta yi wa 'yan mata tsiya kan yadda suke kawo mini ɗinki a waya. Za ta yi mamakin a ce ana ɗora wa mace na'ura a ƙirji a ga zuciyarta tana bugawa. Za ta ji daɗin ganin maijego a Keke Napep da jaririn kwana goma za su asibiti, ba mai ɗaga ido. Amma na san za ta ja tsaki in ta ji har yanzu ana shiga barka ana yaba kumburi. Ni kam na zama abin tsokana a unguwa, don duk maijegon da ta kawo mini riga in buɗe sai na ce ta miƙo ƙafa tukuna.

Washegari Nafisa ta dawo. Na rufe shago na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ranar Talata ke za ki raka ni, da bakinki za ki gaya musu." Ba roƙo take yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya rage na Asabe ba shi da yawa: hoto ɗaya da ya kusa goge, da tiren da take tallan karas. Amma halinta yana nan da ransa a jikin Nafisa, shi ya tasa ni gaba har gaban wata malamar asibiti da a haife na haife ta, na zayyana abin da na ɓoye shekara ashirin da uku. Malamar ta rubuta, ta ce za a duba zuciyar Nafisa yanzu, a sake dubawa bayan ta sauka.

Muna fitowa, a bakin ƙofa, Nafisa ta tsaya. Ta ce tana shekara tara ta ji wata mata a gidan biki tana nuna ta tana cewa, ga yarinyar da ta zo ta cinye uwarta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ashe shirun da nake yi don in rufa wa kaina asiri, ita ke ɗauke da nauyinsa. Na nemi gafararta a gaban mutane, ban ji kunya ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai riƙe hannuna ta ce, "Umma, ashe ba ni ba ce."