Shirun da Na Yi a Bab Makka

Shekaruna goma sha bakwai a lokacin, yarinya mai tsiwa da rawar kai, haifaffiyar unguwar Nuzla a nan Jidda. Kakata tana goye aka shigo da ita ƙasar nan ta hanyar Sudan, kuma har ta tsufa ba ta yarda a yi mata Larabci a ɗakinta ba. Ni kuwa da na fita ƙofar gida nake ajiye Hausa kamar tsohon takalmi. Na sha jin yara suna ce mini Takari a makaranta, sunan raini da ake kiran irinmu da shi, sai na ɗauka maganin abin shi ne kada kowa ya ji harshen nan a bakina. Na rubuto muku ne domin abin ya daɗe yana cin raina.

A hutun zafi na shekarar aka ɗauke ni sansanin matasa na sati uku a bakin teku, mata gefe guda, maza gefe guda. Ni da aka haifa a garin teku, sai a can na fara tsoma fuska cikin ruwa da gilashin iyo na ga abin da ke ƙasa: kifaye masu launin da ban san sunansa ba, da duwatsu masu rai suna motsi a hankali. Na ɗago ina tasbihi, gishiri cike da baki. A sansanin ne kuma na kamu da son wan yarinyar da muke kwana tanti ɗaya. Ba ma haɗuwa sai ranakun da ake fita da mu aikin sa kai, ƙanwar ce ke kai saƙo tana kawowa. Yaro ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana, ni kuwa idan ya kalle ni sai in manta abin da ke hannuna. Da ƙanwar ta tambaye ni asalinmu, ban ko ƙifta ido ba na ce mu mutanen kudancin ƙasar nan ne, kuma ban da Larabci ba na jin komai. Na san za ta gaya masa, don haka ma na faɗa.

A satin ƙarshe aka kai mu kasuwar Bab Makka bayan la'asar, mu raba ruwa ga alhazan da ke sayayya kafin su koma gida. Muna tsaye mu uku, ni da yaron da ƙanwarsa, sai ga wata tsohuwa ta jingina da bangon shagon yadi, gumi ya jiƙe mata mayafi, hannunta yana rawa. Tana ta magana da Hausa, kowa na wucewa. Cewa take ta ɓace wa ’yan tawagarsu, ta sha maganin suga tun hantsi ba ta sa komai a ciki ba, a taimaka mata da abu mai zaƙi. Ban rasa kalma ɗaya ba. Kakata ma ciwon ke gare ta, ni nake tashi da gudu in kawo mata dabino idan rawar hannun nan ta zo. Amma na ja bakina na yi gum, ina gyara abaya kamar ba da ni ake ba.

Shi kuwa tuni ya durƙusa gabanta. Ya miƙa mata ruwa, ta ture, ya yi mata Larabci a hankali, ya gwada da hannu, ya shiga tambayar masu wucewa ko akwai mai jin yarenta. Har ni ya waiwayo ya kalla, ba don yana zargina ba, don ya rasa yadda zai yi. Ina kallon leɓenta yana bushewa, maganarta tana sarƙewa, ni ina lissafin abin da zai ce idan ya ji ni. Sai ta sulale ƙasa.

Ban san lokacin da na zube a gabanta ba, irin durƙuson da ake yi wa manya a gidanmu. Na kira ta Inna, na ce na ji, ta yi haƙuri. Na daka masa tsawa ya kawo dabino da lemo, yalla maza-maza, ya kwasa a guje. Hausar da nake zaton ta gurguwa ce a bakina ta riƙa fitowa tiryan-tiryan, da muryar kakata sak, har tsigar jikina ta tashi. Ya kawo muka ba ta, kafin motar asibiti ta iso idonta ya buɗe. Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana cewa Allah mai iko, a tsakiyar Larabawa ya jeho mata jikarta. Ta yi ta sa mini albarka, tana roƙon Allah ya ba ni mai jin kukana ranar da na yi kira. Addu'ar nan ta fi mari zafi, domin ba ta san tun yaushe nake tsaye a wurin ba.

Yaron kam ya sani. Washegari ƙanwarsa ta kawo saƙo, ya ce da ya san ina da wani harshe da ya roƙe ni in koya masa, tambayarsa ɗaya ce: daga wace kalma na fara gane maganar tsohuwar. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce daga ta farko. Bai sake aiko da komai ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Na yi kukan rabuwa da shi wata da watanni, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ikon Allah: a kasuwar da ke maƙil da mutane, ni ya tsayar kusa da matar nan, ni da na fi kowa gudun harshenta.

Yanzu duk lokacin alhazai ina cikin masu tafinta, kuma ni nake fara gaisuwa da Hausa. ’Yan uwana matasa, musamman mu haifaffun nan, kada ku binne abin da aka ba ku a gida don wani ya so ku. Na ɓoye asalina don kada in rasa yaron nan, ɓoyon ne ya raba mu, kuma saura ƙiris ya haɗa da ran baiwar Allah da ta kira ni jikarta.