Inbatar da Aka Saƙa wa Rigar Sanyi

Arnfinn ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan jirgin fito na garin Volda, yana ɗaga hannu yana jera motocin mutane: "Matso, matso, tsaya nan!" Da bazara ta yi sai Jamusawa su riƙa shigowa da motocin nan masu gado da murhu a ciki, shi kuma ya dinga leƙen tagoginsu kamar wanda ya ba da ajiya. Ranar da ya yi ritaya ko hular aiki bai cire ba ya je ya sayo tasa, wata tsohuwa fara mai tari da safe kamar mai ita. Tun daga nan, kowace bazara sai ya ɗauki matarsa Oddveig su miƙe arewa zuwa tsibirin Senja, inda aka haife ta.

Bana ne tafiyar ta so ta gagara. Likita ya ɗora Oddveig a kan na'urar numfashi, ba ta barci sai da ita, na'urar kuwa wutar gida take ci. A mota, inbata ce ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. To, inbatar ta mutu. A fitarsu ta ƙarshe ta yi wani ƙauri, daga nan ba ta sake motsi ba.

'Yarsu Tordis nas ce, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Baba, in ba wuta, Mama ba ta zuwa ko'ina. Ni da a ce ta tawa za a bi, sayar da akwalar nan za a yi."

"Akwala? Motar da ta fi ki ladabi?"

"Ranar Asabar zan zo in gani da idona."

Arnfinn ya sayo sabuwar inbata, irin mai ba da wuta lafiyayya wadda na'urorin asibiti ke so. Asabar da hantsi ya kira maƙwabcinsa Jostein ya riƙe masa tocila. Jostein ba abin da ya iya a duniya sai riƙon tocila da baƙar magana.

"Ka cire wayar batir tukuna," in ji Jostein. "Ba ni da baƙar kwat ta zuwa jana'iza."

"Na cire. Haska nan, ba kunnena ba."

Tsohuwar inbatar tana ƙarƙashin kujerar cin abinci, can cikin lungu, inda Arnfinn bai taɓa cusa kai ba saboda ciwon baya. Ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu, sai ya ji laushi. Ya janye hannun da sauri.

"Jostein, akwai kyanwa a nan."

Jostein ya haska. Ba kyanwa ba ce. Inbatar ce sanye da rigar ulu, baƙa mai ɗigo-ɗigon fari, saƙar hannu, har da maɓallai. Ta rufe ko'ina ruf, har kafofin da fanka ke shan iska. Gefe guda ya babbake.

Jostein ya zauna a matakalar mota yana dariya har da hawaye. "Arnfinn, ashe ƙaramar 'ya gare ku ba ku gayyace mu suna ba!"

Daidai nan Tordis ta iso, uwarta na biye da ita da butar kofi. Arnfinn ya ɗaga rigar da yatsa biyu.

"Oddveig, mene ne wannan?"

"Au, ka gan ta? Ai ni na saƙa. Duk sanda na jona tandar lantarki sai abin nan ya kama tsuwa, tsiii, tsiii, a gaban baƙi. Da na sa mata riga sai ta yi shiru."

Oddveig, kowa ya sani, ba ta iya ganin baƙo ba ta soya masa waina ba, irin mai siffar zuciya da ake ɗora wa jan cuku. Duk inda suka yada zango, ko hanya mutum ya zo tambaya sai ya ci. Tandar kuma ta fi ƙarfin inbatar. Tsuwar nan ceto take nema, aka toshe mata baki da ulu.

Tordis ba ta yi dariya ba. "Mama, da wuta ta kama fa? Kuna ciki! Kun ga abin da nake faɗa ko?"

Oddveig ta ajiye butar. Ta dubi gefen rigar da ya ƙone. Arnfinn ya ga Senja tana zame masa daga hannu.

Bai yi musu ba, ya koma ƙarƙashin kujera. Ya kwance tsohuwar, ya ɗaure sabuwar a inda iska ke ratsawa, ya sa mata wayoyi masu kauri da sabon fiyus, ja ga ja, baƙi ga baƙi, ya bi kowane noti ya matse. Ya mayar da wayar batir, ya danna makunnin inbatar. Koriyar fitila ta kama. Tordis da kanta ta jona na'urar numfashin, ta kara kunne, ta ji tana hura iska sumul. Amma fuskarta ba ta saki ba.

"Yau ta yi. Gobe kuma a sami baƙi."

Oddveig ta juya ta shiga gida. Jim kaɗan ta fito da tandar lantarkin ta dangwara wa 'yarta a hannu. A ɗaya hannun tana riƙe da wata baƙar tandar ƙarfe, ta uwarta, wadda ake ɗorawa a kan wuta.

"Tafi da waccan gidanki. Wannan a murhun gas zan ɗora. Inbata ta na'urar hancina ce kaɗai."

"Kuma ba riga?"

"Ko hula."

Tordis ta dubi uban, duk ƙura a gemu, ta dubi uwar. "Kullum da safe ku kira ni. Ranar da ban ji ku ba, zan biyo ku."

"Ki biyo," in ji Arnfinn. "Akwai gado a sama."

Wainar farko da aka soya a baƙar tandar ta ƙone, Jostein ya cinye ta a haka. Sai ga shi yana gwada rigar ulun a kan butar kofi, ta kuwa zauna mata cif.