Karta Biyu da Waken Ƙosai

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, sai na ɗauki keken ɗinkina na koma gidanmu a unguwar Mamobi. Mijina yana aikin gini a Libiya a lokacin, ba abin da zai riƙe ni a ɗakinmu na haya a unguwar Nima. Mma kuwa ba za ta iya da jinya ita kaɗai ba, tunda kullum da asuba tana bakin titi da tukunyar koko da kaskon ƙosai.

Baba direban babbar mota ne. Daga tashar Tudu yake lodi ya nufi Kumasi, ya wuce Bolga, wani lokaci har Yamai, garin da aka haife shi. Mutum ne mai surutu da ban dariya. Idan ya dawo daga tafiya, tun daga bakin lungu ake jin muryarsa yana tsokanar mata masu wanki a bakin famfo. Ciwon ya ɗauke masa hannun dama, ya sa ƙafar ta yi nauyi, ya kuma tafi da maganar. Abin da ya rage masa kalmomi ne kaɗan: ruwa, to, Allah. Idan ya nemi wata kalmar ta ƙi fitowa, sai ya juya fuska bango, ya yini a haka.

A asibiti an ce mu riƙa zuba masa wake a faranti, yana tsinta da hannun da ya mutu yana sawa a kofi. Ranar farko ya gwada, yatsun suka ƙi. Rana ta biyu ya sa hannun hagu ya ture farantin, wake ya watse har ƙarƙashin gado. Daga nan ba wanda ya sake kawo masa.

Yayana yana tuƙin tasi a Amurka. Da ya ji halin da ake ciki, ya ba wani mai dawowa gida saƙon na'urar bidiyo da kaset-kaset, wasu na karatun Alƙur'ani, ɗaya na dambe wanda ya ɗauka da kansa daga talabijin ɗin can, don ya san Baba na son dambe. Da muka haɗa da talabijin ɗinmu, hoton ya fito fari da baƙi. Mai gyara ya ce kaset ɗin Amurka da akwatinmu ba sa jituwa, sai dai mu yi haƙuri da shi haka.

Wata rana bayan la'asar na sa masa damben na koma kan keke. Aka gama dambe, ashe Yaya ya manta bai kashe ɗaukar ba, sai wani shiri ya biyo baya. Turawa ne zaune kewaye da teburi, kowa da tulin wasu 'yan faifai kamar kwabbai a gabansa, wani yana raba musu karta. Na tashi zan kashe. Baba ya buga hannun kujera da ƙarfi har na firgita.

"Baba, damben ya ƙare. In mayar maka baya?"

Ya girgiza kai, ya nuna akwatin da haɓa.

"Wannan kake so?"

"To," in ji shi.

Na koma na zauna. Ni ban ga abin kallo ba. Ba gudu, ba duka, mutane ne kawai sun yi shiru suna kallon juna. Akwai wani tsoho mai faffaɗar hula da ba ya motsi sai ka ce ya yi barci, da wani mai ƙiba da ke ta wasa da faifansa. Baba kuwa ya miƙa wuya, idonsa bai bar teburin ba har kaset ɗin ya ƙare ana tsakiyar wasa. Har yau ban san wanda ya ci gasar ba.

Washegari ya sake nema, da jibi ma. Ya zama kullum bayan la'asar, in dai ba a ɗauke wuta ba, sai na mayar da kaset baya mun wuce damben mun je wurin masu karta. Tun ina ɗinki ina leƙe har na daina taka keken. Turancin makaranta da nake da shi bai kamo na masu sharhin ba, don ta hanci suke magana kuma da sauri, amma na tsinci sunan wasan, foka. Ba a nuna abin da kowa ya riƙe sai a ƙarshe, idan an buɗe. Saboda haka da zarar an buɗe sai Baba ya ɗaga hannu, in tsayar da hoton, mu matsa kusa da gilashin muna duba dalilin da ya sa wannan ya kwashe, wancan ya tashi hannu banza. A hankali muka gane cewa kowa karta biyu ake ba shi, a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa. Biyu masu lamba ɗaya sun fi warwara, uku sun fi biyu, biyar a jere sun fi uku. Akwai wani zagaye da ya gagare mu. Mai hula ya kwashe da karta biyar da ba su haɗu a lamba ba, ba su kuma jeru ba. Mun maimaita wurin har hoton ya fara rawa. Daga ƙarshe Baba ya yarfe hannu, muka bar shi a matsayin kuskuren Turawa.

Ran nan ya nuna mini saman kabad. Na sauko da jakar da ya je Makka da ita, ya sa na zuge ƙaramin aljihun, sai ga tsohuwar karta ɗaure da roba. Na san a da yana buga wasan karta da ake kira sifa da direbobi a tasha idan ana jiran lodi, na kuma san ya bari tun da ya dawo daga hajji.

Mma ta shigo ta same ni ina gauraya ta. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryar wake a hannu.

"Alhaji, karta? A cikin ɗakin nan? Wannan abu caca ne fa, ni ba na so kwata-kwata. Mutane su zo gaisuwa su ga mene?"

"Mma, ba kuɗi a ciki," na ce.

"To da mene za ku yi? Na ga masu talabijin suna tura abu."

Baba ya ɗaga yatsa ya nuna ƙwaryar da ke hannunta. Mma ta dubi waken, ta dube shi. Rabon da ya nemi wani abu a wurinta da kansa tun kafin ya kwanta. Ta ɗebi tafi biyu ta zuba a kan tabarma.

"Wakena ne," ta ce. "Wanda ya ci da wanda bai ci ba, kafin magariba a mayar mini, zan jiƙa."

Na ja ƙaramin teburi gabansa na raba. Ya sa babban yatsan hagu ya ɗaga gefen kartarsa biyu, ya leƙa, ya sake su. Sannan ya ƙwanƙwasa teburin sau biyu, yadda mai hula yake yi idan ya ce a wuce. A nan ne na gane abin da ya gani tun ranar farko. Sifa sai ka riƙe karta biyar a hannu ɗaya ka zara da ɗayan, ka buga, ka yi wa abokin wasa ba'a. Wannan kuwa hannu ɗaya ya isa, kuma ba a bukatar ko kalma. In ka wuce, ka ƙwanƙwasa. In ka ƙara, ka tura wake. In ka haƙura, ka jefar da kartarka. Duk abin da mutum zai faɗa a teburin, Baba yana iya faɗarsa daidai da kowa.

Da farko ina sassauta masa. Ya gane, ya ɓata rai, ya tura mini wakena baya. Daga nan na riƙa wasa da gaske, kuma da gaske yake cinye ni. Wata rana na samu sarauniya biyu, na ji daɗi, na tura wake da yawa. Ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya sa gefen hannu ya turo duk abin da ke gabansa tsakiya. Fuskarsa tun ciwon ba ta cika motsi ba, ban karanta komai a kanta ba. Sai na jefar da sarauniyoyina. Maimakon ya kwashe waken, sai ya juya kartarsa a hankali ya nuna mini: biyu da bakwai, ba abin da suka haɗa da na tsakiya.

"Baba! Burga ka yi mini? Da wannan?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na zaci tari ne har na miƙa hannu ga kofin ruwa. Ashe dariya ce. Ɓari ɗaya na bakinsa ya ɗage, kafaɗarsa tana rawa, hawaye na zuba. Mma ta shigo da gudu daga tsakar gida, hannunta duk ƙullu.

"Mene ya same shi?"

"Cutata ya yi, Mma."

Ta tsaya tana kallonsa, sai ta juya ta fita. Na ji ta a bayan ɗaki tana fyace hanci.

Ba a daɗe ba ta fara zama kusa da mu tana tsintar wakenta, tana cewa ita ba ruwanta. Sai ta fara leƙa kartata tana tsaki. Wata rana ta ce in raba da ita, don ta ga ni ban iya ba. Mma ba ta iya ɓoye komai. In ta samu mai kyau sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, mu duka mu jefar da namu, ta yi ta faɗa wai mun haɗa mata kai. A cikin irin wannan hayaniya ne wata rana na lura Baba ya ɗora hannun dama a kan teburi, yana tura wake da bayan yatsunsa, hagun yana danne da karta. Na taɓa ƙafar Mma da tawa. Ta gani, ta ɗauke kai, muka ci gaba kamar ba mu gani ba.

Da babbar salla ta zagayo Yaya ya zo gida. Ya yi kuka da ya ga Baba, Baba kuma ya shafa kansa kamar yaro. Bayan kwana biyu, da la'asar, ya ga an ja teburi an zuba wake, ya riƙe baki.

"Wa ya koya muku foka?"

"Kai mana," in ji Mma. "Kai ka aiko da shi a bayan dambe."

Ya zauna aka raba da shi. Can aka zo wani zagaye, kowa ya janye sai shi da Baba. Baba ya buɗe sarki biyu. Yaya ya buɗe nasa yana murmushi, ya miƙa hannu zai kwashe.

"Tsaya," na ce. "Me kake da shi? Ba su haɗu ba, ba su jeru ba."

"Ki duba zanen. Biyar duk zuciya ce. Wannan ya fi sarki biyu nesa, ya fi jeri ma."

Na dubi Baba, Baba ya dube ni. Abin da mai hula ya ci da shi ke nan. A hotonmu na fari da baƙi zanen ƙanana ne, lamba kawai muke bi.

"Haka dokar take a ko'ina, Baba," in ji Yaya. "Ko a can haka ake yi."

Baba ya ɗora tafinsa a kan waken. Leɓensa ya yi ta motsi, mu kuma muna jira. Mun saba in kalma ta ƙi fitowa ya juya kai, amma ran nan bai juya ba.

"Gi… gidana ne," ya ce.

Mma ta saki salati. Yaya ya janye hannunsa yana dariya yana share ido, ya ce, "Gidanka ne, Baba. Kwashe." Har ya koma, da dokarmu ya yi wasa.

Maganar Baba ba ta dawo duka ba, amma ta ƙaru, har ya kai yana gaisawa da mutane, yana kuma dogara sanda ya tsallaka katakon kwata zuwa masallacin lungunmu. Mijina ya dawo, na koma Nima, sai dai kusan kullum da la'asar ina hanyar Mamobi. Baba ya yi shekaru a haka kafin ciwon ya sake dawowa.

A makonsa na ƙarshe ba ya iya zama, hannun hagun ma ya yi rauni. Sai in raba a kan bargon da ke ƙirjinsa, in ɗauki kartarsa biyu in kai gaban idonsa, ni kuma in juya fuskata wajen taga don kada in gani. In ya gama kallo sai ya taɓa gwiwata da yatsa, in kife su, Mma ta tura masa wakensa gwargwadon yadda ya nuna mata da ido.