Rigar da Karen Ya Sani

Da na ajiye aiki na dawo Zariya, sai na kama ɗakuna a bayan gidan wani tsohon abokina a Jushi. Ibo ne, mai sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi ta jikokina. Ƙofar gidan ɗaya ce, sai na ratsa tsakar gidansa nake kaiwa gare ta.

Bayan wani rikici da aka ƙone masa shago, ɗansa ya sayo ƙaton kare a wurin wani mai horon karnuka a Chikaji. Masu shat da wando suna shiga suna fita, ko kai ba ya ɗagawa. Ni kuwa ina fitowa da riga da hula sai ya zaburo, har sarƙa ta shaƙe shi. Daga baya muka ji yadda aka hore shi: a ɗaure shi, wani ya sa riga da hula ya zane shi da dorina, sannan mai shat ya zo ya ba shi nama.

Na san irin karen nan. A kudancin Afirka, inda na taɓa zama, na ga na gidajen Turawa da ba sa kula farar fata, amma baƙin mutum na giftawa su nemi tsinke sarƙa. A lokacin na ɗauka cutar can ce.

"Alhaji, wallahi ban sani ba," in ji abokina. "Mai gadi kawai na ce yaron nan ya samo."

"Ai ya samo gwani, maigida. Ya san ɓarawo daga hularsa."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Mayar da karen bai yiwu ba, don tun gobarar matarsa ba ta iya barci sai ta ji haushinsa. Ni ma ba ni da inda zan koma. Saboda haka duk lokacin salla nakan ninke riga da hula in sa a leda, in ratsa tsakar gida da singileti kamar mai kai wanki, sai a bakin titi in sa kayana. 'Yan'uwana suka daina zuwa.

Muka je Samaru wurin wata likitar dabbobi. Ta saurare mu, ta ce, "Baba, ba kai ya tsana ba, riga ce ta dake shi. Kai za ka riƙa ba shi abinci kullum, da rigarka da hularka."

Na yarda. Amma kare yana lasa, ni kuma ba zan tsaya gaban Ubangiji da yawunsa a jikina ba. Sai na ware wata tsohuwar riga ruwan toka da hular da ta koɗe, na rataye su a ƙusa a bayan ɗaki, don hidimar kare kaɗai. Da farko da sanda nake tura masa kwano. A hankali ya bar gurnani. Kafin damina ta wuce yana ɗora kansa a gwiwata, ina jin tabon dorina a ƙarƙashin gashinsa. Har aka fara kwance shi.

Wata Juma'a na ce yau zan fita kamar kowa. Na sa farar shadda mai sitaci da sabuwar hula. Ina kai tsakiyar gida ya taso. Na kira shi da muryar da ya sani, amma bai ji ba, ƙarar shaddar kawai yake ji. Ya kama ni a dantse, ya kai ni ƙasa. Abokina ne ya janye shi, yana ihu da yarensu, matarsa na kuka.

Da likitar ta ji labari sai ta riƙe kai. "Baba! Riga ɗaya ka koya masa? Ai sai ka riƙa canzawa!"

"Likita, in ya lashe su duka, da wacce zan yi salla?"

Ta ce a sake daga farko. Na dubi hannuna a naɗe, na ce na gaji.

Abokina ya sa aka yi waldar keji na ƙarfe a gefen ƙofa. Karen yana ciki har yau, ba a fito da shi. Matar tana barcinta, tunda yana haushi. Ni da mijinta muna gaisawa, amma mun daina zama a benci ɗaya, don shi yana kallon tabona, ni kuma ina tuna shagonsa.

Har yanzu ni nake kai masa abinci, da tsohuwar rigar, don ba ya ci daga hannun kowa. Idan kuma na dawo daga masallaci, ina sane da cewa kejin a kulle yake, amma kafin in tura ƙofa sai in tarar da hulata a hannuna.