Gidan Hutun Kawu a Kan Dutsen Ƙanƙara

Da na zo London karatu, gidan kawuna na sauka, a Thamesmead. Mai gadi ne a wani babban kanti a Stratford, ya yi shekaru yana tsayuwa bakin ƙofa har jijiyoyin ƙafafunsa suka yi ruɗu-ruɗu. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce. 'Ya'yansu nan aka haife su, suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar masa.

Wani abokin aikinsa ɗan Bulgeriya ne ya gaya masa cewa a ƙasarsu, kan duwatsun da Turawa ke zuwa wasan zamiya a ƙanƙara, ana sayar da flat, wato ɗakunan zama a gidan bene, da araha. Kawu bai shawarci kowa ba. Ya sayi ɗaki ɗaya da banɗaki, sai muna cikin cin tuwo ya sanar da mu.

"Duk hutu can za mu riƙa zuwa," in ji shi. "Mu ma mun yi gidan hutu, kamar likitoci."

Matarsa ta tsame hannu daga kwano. "Kai da ko bulo ɗaya ba ka aza a Zariya ba? Mai gadi da gidan hutu!"

Duk da haka muka je a hutun Disamba. Ɗakin na bayan wurin ajiye motoci, yana warin danshi, tagarsa na kallon bango. Kawu ya yi ta goge-goge yana murmushi, ya shimfiɗa mana barguna. Washegari ya yi hayar takalman zamiya ya hau gangaren da ake koya wa yara. Bai yi nisa ba ƙafafunsa suka rabu, ya faɗi a kan ƙugu. Babban ɗansa na ɗaukar bidiyo, yana dariya har wayar na rawa.

"Zo ka ɗaga ni," Kawu ke cewa. Yaron bai sauke wayar ba sai da wasu Turawa suka iso.

Ƙashin ƙugun ya karye. Kafin a fito da shi daga tiyata matarsa ta tura bidiyon cikin group ɗin dangi. Daga Zariya har unguwar Lewisham a nan London kowa ya gani.

Muka dawo da shi a keken marasa lafiya. Tsayuwa ta gagare shi, aikin gadi ya tafi. Masu zuwa dubiya su zauna a falo suna shan shayinsa, su ce, "Sannu Bature, yaushe za a koma gasa?" Shi ma sai ya taya su dariya. Ni ke kai masa ruwan alwala, nakan tarar da shi ya juya fuska bango.

Da sanyi ya zagayo, ɗan nan nasa ya ɗauki makullin ɗakin hutun ba tare da ya tambaya ba, ya yi booking ɗin jirgi shi da abokansa na jami'a. Na ji shi a waya yana gaya musu wurin nasa ne. Ranar da ya dawo, Kawu ya dogara sanda ya fito har bakin ƙofa ya tarye shi.

"Yaya ɗakin? Ruwa bai shiga ba ko? Nuna min hotuna."

"Later, Dad," in ji yaron. Ya raɓa ta gefensa da jakarsa ya haye sama.