Madam Samiratu da Waƙar Tahirun Tabla

Kafin ƙarfe bakwai na safe Madam Samiratu Garba ta riga ta iso gidan rediyon al'umma na Filinge, ta goge teburinta, ta buɗe babban littafi mai baƙin bango. Duk waƙar da za a sa a ranar sai ta bi ta hannunta: sunanta, wanda ya rera, fim ɗin da ta fito, da ko gidan yana da izinin watsa ta. Ƙarshen wata takan kwafe jerin, ta ba direban motar Yamai ya kai ofishin da ke kula da haƙƙin mawaƙa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. Masu saurare ba su san muryarta ba, don ba ta taɓa zama gaban makirfo ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma har yau ba a samu wanda ya ce zai karɓa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, raina cike da zullumi.

Wanda yake son sanin ko wace ce ita, ya tambayi abin da ya faru bara, gab da babbar salla. Wata waƙar fim ta shigo ƙasarmu ta Kurfai ta mamaye ko'ina. Masu shayi ita suke sawa, ƴan kabu-kabu ita, mata wajen daka ita. Daga Bankuku har Sanam ake bugo waya a shirin gaishe-gaishe ana roƙon ta. Samiratu ta duba takardunta, ba ta ga waƙar cikin waɗanda yarjejeniyar gidan ta ƙunsa ba. Ta ce ba za a sa ba.

Abdurrazak, mai gabatar da shirin, ya shigo ofishinta a fusace.

"Madam, mi za mu ce ma mutane? Kowa na da ita cikin salula!"

"Abin da ke cikin salula nasu ne," in ji ta. "Abin da munka watsa, mu za a tambaya."

Maganar ba ta tsaya nan ba. Masu bugo waya suka fara raguwa. Ranar kasuwa wata mai sayar da yakuwa ta ce mata a gaban jama'a, "Ke ce kika hana mu jin daɗin salla?" Daraktan gidan, Abdulgafar, mutum mai haƙuri, shi ma ya kira ta ya ce in mutane suka juya wa tashar baya, da me za a sayi man janareto? Ta san in aka watsa ba izini aka kai ƙara, ana iya dakatar da gidan, a rasa inda ake cigiyar shanun da suka ɓata, da inda ake sanar da ranar rigakafi da rasuwa. In kuma ta dage, gidan na iya mutuwa a hankali, a ce ita ta kashe shi. Kwana tara tana neman lambar masu fim ɗin, abinci ma ba ya shiga bakinta sosai.

A cikin neman ne ta zauna ta saurari waƙar daga farko har ƙarshe, abin da ba ta yi ba a da. Da aka zo amshi sai ta ji ta san karin nan. Ta tashi ta buɗe tsohon kabad, ta dinga fito da kaset-kaset har ta sami wanda take nema. Waƙar noman gero ce ta Tahiru mai gurmi, mutumin Tabla, wadda ita da kanta ta tsaya aka naɗa shekara goma sha bakwai da suka wuce. Ga ranar a rubuce da hannunta, ga dangwalen yatsansa a takarda. An sauya kiɗan, an mayar da ita waƙar soyayya, amma karin nasa ne, baiti biyu ma ko kalma ɗaya ba a taɓa ba. Sunansa kuwa babu shi ko'ina.

Washegari ta hau motar kasuwa zuwa Tabla. Ta same shi a zaure, ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, gurmin yana rataye ba tsirkiya. Ta kunna masa waƙar fim ɗin. Ya saurara har ta ƙare.

"Ɗiyata," ya ce, "na ji jikokina na rera ta. Na ce musu tawa ce, sunka yi dariya, sunka ce tsufa ne. Tun ranar ban sake hwaɗi ba."

"Baba, ni ina da shaida."

"To in kin kai, wa zai saurari mai gurmin ƙauye?"

Ta dai tattara kaset da takarda ta aika ofishin haƙƙin mawaƙa a Yamai, ta shiga jira. Salla ta zo ta wuce ba a sa waƙar ba. Damina ta sauka. Kullum direba ya dawo sai ta tare shi a tasha, ya girgiza kai. Da aka ce Tahiru ya kwanta rashin lafiya, sai tsoronta ya koma ɗaya: kada amsa ta zo ta tarar ba ya nan.

Wata huɗu aka yi kafin takarda ta iso. Masu fim ɗin sun amsa cewa karin na Tahiru ne, sun yarda a rubuta sunansa, rabonsa ya riƙa zuwa masa, gidan rediyo kuma ya sami izini. Abdurrazak da kansa ya roƙi a bar shi ya sanar. Kafin ya sa waƙar ya ce, "Wagga waƙa, asalinta ta Tahiru mai gurmi ce, na Tabla." Waɗanda suke zauren Tahiru a ranar sun ce tsohon ya sa aka tayar da shi zaune, ya juya wajen jikokinsa ya ce, "Kun ji ko? Ba ni na hwaɗi ba, rediyo ta hwaɗi."

Madam Samiratu, ke ce kika sha zagi a kasuwa saboda haƙƙin mutumin da a lokacin ba ki ma san waƙar tasa ce ba. Ke ce kika nuna mana waƙa ma gona ce, tana da mai ita, ko ba a ga shinge ba. Garkuwar mawaƙan Kurfai, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Amma ba zan ɓoye fargabata ba. Yau waƙa tana tsallakawa daga waya zuwa waya cikin ƙiftawar ido, sunan mai ita yana faɗuwa a hanya. Matasan tasharmu kowa makirfo yake so, ba mai son kujerar da ba a jin sunan mai ita. Ina roƙon ɗaya daga cikinku ya je ya zauna kusa da ita a ƴan kwanakin da suka rage, ya koyi aikin tun tana nan. A ƙauyukanmu akwai tsofaffi da yawa da suka daina cewa "tawa ce", don ba mai yarda. Suna jiran wanda zai faɗa a madadinsu.